Kafin mu jira wata Steyr, mu inganta injin da ke hannunmu



Akwai sana'ar da ba a cika ambatonta ba a garin Bauchi, alhali ita ke tallafe da wasu sana'o'in da dama. Muna nufin masu injin sassaƙar ƙarfe. In bushin injin niƙa ya cinye, ko shaf ɗin injin ban ruwa ya karye, ko an rasa notin da zai shiga tsohuwar mota, wurinsu ake nufa. Injin na juya sandar ƙarfe, mai sana'a na tura wuƙa da hannu, yana aunawa yana ragewa har abu ya fito daidai.

Wannan hanya ta wadatar in abu ɗaya ake so. Matsalar tana zuwa ne in an ce a fitar da guda ɗari biyu iri ɗaya. Hannu na gajiya, ido na gajiya, na farko da na ɗari ba sa zuwa daidai. Shi ya sa mai sayar da kayan gyara ya fi son ya yi odar kwali daga Kano ko Legas, galibi kayan Sin ko Indiya. Ra'ayinmu shi ne lokaci ya yi da za a ɗora wa ƙananan injinan nan na'urar da za ta riƙa maimaita aiki da kanta, amma bisa sharaɗi.

Abin ba sabo ba ne. Tun 1952 aka nuna injin yankan ƙarfe na farko mai bin umarnin lambobi a jami'ar MIT ta Amurka, wanda daga baya ya haifar da abin da ake kira CNC. Abin da ya sauya shi ne farashi. Yau ana cire hannayen murɗawa guda biyu, na tsawo da na kauri, a sa ƙananan moto na lantarki masu tafiya taki-taki. Irin wanda aka fi samu yana taki 200 kafin ya zagaya sau ɗaya. In sandar da ke tura wuƙa tana matsawa milimita 2 a kowane zagaye, to kowane taki kashi ɗaya cikin ɗari na milimita ke nan. Manhajar da ke ba da umarni, kamar LinuxCNC, kyauta ce, kuma tsohuwar kwamfutar tebur na iya ɗaukarta. In ana son yanka zaren noti, sai a ƙara na'urar da ke ƙirga juyawar injin, domin wuƙa ta tafi tare da shi.

Me ya sa muke ganin abin ya shafe mu? Dattawanmu sun san zamanin da kamfanin Steyr ke haɗa taraktoci da manyan motoci a nan Bauchi, kamar yadda Peugeot ke haɗa motoci a Kaduna. Akasarin sassan da ake haɗawa daga waje suke zuwa, shi ya sa da darajar naira ta faɗi bayan 1986, irin waɗannan masana'antu suka shiga mawuyacin hali. Darasin a fili yake: garin da ba ya ƙera ƙananan sassa, babbar masana'anta ba ta yin saiwa a cikinsa. Tun daga 2023 kuma, da aka cire tallafin mai aka saki naira, kayan waje sun ƙara tsada. Wannan dama ce ga mai ƙerawa a gida, in zai iya fitar da kaya da yawa kuma daidai wa daida.

Sharaɗi na farko shi ne a tara aiki. Na'urar ba ta da riba ga mai yin abu ɗaya yau, wani daban gobe, domin kafin a gama rubuta umarni da saita wuƙa, gwani ya gama da hannu. Ribarta na cikin maimaici. Don haka kafin a sayi komai, a zauna da masu gyaran babur da Keke Napep, da masu walda, da masu gyaran famfon tuƙa-tuƙa, da 'yan kasuwar Wunti da Muda Lawal, a fitar da abubuwa biyar ko shida da ake nema kullum. Da su za a fara.

Na biyu, a gyara injin tukuna. In sandar turawa ta yi sako-sako, ko gadon injin ya cinye, kwamfuta kuskuren za ta yi ta maimaitawa har ƙarfe ya ƙare.

Na uku, a yi lissafin wuta. Irin waɗannan moto ba sa tuna inda suka tsaya in an ɗauke lantarki ana tsakiyar yanka. Dole a tanadi batir da inbata ga kwamfutar, a kuma sa makunnin da injin zai koma ya taɓa don ya gane mafarinsa. Haka nan maɓallin tsayarwa na gaggawa da murfin kariya wajibi ne, domin injin ba ya jin ihun wanda hannun rigarsa ya maƙale.

Mun san abin da ke zukatan wasu iyaye: in injin na aiki da kansa, ina makomar yaran shago? Tsoron yana da tushe, ba ma raina shi. Amma aikin da na'urar za ta karɓa, yanzu ma ba yaranmu ke yin sa ba, a cikin kwali yake zuwa. Kuma wanda bai san yadda ake wasa wuƙa ba, bai san ƙarar ƙarfe in gudu ya yi yawa ba, ba zai iya rubuta wa injin umarni mai kyau ba. Sai yaro ya ƙware a hannu da ma'auni, sannan a zaunar da shi gaban kwamfuta. Ya tashi da sana'a biyu ke nan.

Masu ilimin kuma suna kusa. Muna da Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa, wadda aka kafa a 1980 a matsayin jami'ar fasaha, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Gwallameji, ga ta Tatari Ali. Kowace shekara ɗaliban injiniya na neman aikin kammala karatu. Me zai hana aikin ya zama injin wani shago na cikin gari, maimakon abin da za a ajiye a lungu bayan an ba da maki?

Shawararmu ita ce a fara da inji ɗaya a shago ɗaya. Maigidan shago ya ba da injinsa, masu hali su haɗa kuɗin kaya a matsayin rance, ɗalibi da yaro ɗaya su yi aikin tare, a riƙa rubuta abin da aka kashe da abin da aka samu. In an ga amfani, na biyu ba zai yi wuya ba. Da hanau gara mannau.

Allah Ya sa albarka a sana'o'inmu, amin.