Wa ya ƙwace wa 'Yar Bora tafiyarta?

Duk wanda ya saba shiga motar haya da sassafe daga Kado zuwa Sakatariyar Tarayya ya san yadda mata ma'aikata ke cinye cunkoson hanya: kai a sunkuye, ido a kan waya. Wasu littafin soyayya na Hausa suke karantawa, wasu kuwa, musamman matasan cikinsu, sun koma ga wani irin labari da ke zuwa daga Japan da Koriya a fassarar Turanci. Zubinsa kusan ɗaya ne. Wata mace ce wadda ba kowa ba, ma'aikaciyar ofis ko mai kula da ɗakin karatu, za ta farka ta gan ta a wata duniya da ba ta san dokokinta ba, kuma dole ta zauna ta koyi sihirin wurin tun daga baƙi da wasali in tana son ta rayu. Japanawa har suna suka raɗa wa wannan reshe na adabi, isekai, wato wata duniya.

Dalilin da ya sa labarin ke kama zuciyar ma'aikaciya a fili yake. Yarinyar da ta gama jami'a a Sakkwato ko Bauchi, aka ɗauke ta aiki a mataki na takwas aka turo ta Abuja, ita ma wata duniyar ta faɗo. Fayil yana da hanyar da yake bi, akwai ƙofar da ba a ƙwanƙwasawa, akwai kalmomi biyu da babban sakatare zai rubuta a gefen takarda su tayar da aikin da ya shekara a kwance. Babu wanda zai zaunar da ita ya karantar da ita wannan. Da ido da kunne za ta koya.

Abin takaici shi ne sai ta tsallaka teku kafin ta sami labarin da ya yi kama da ita, alhali tsohon samfurinsa yana nan a bakin kakarta. Tatsuniyar Ruwan Bagaja labarin yarinya ce, 'yar Bora, wadda aka kora ta je ta wanko kirgi a wani ruwa da babu wanda ya san inda yake. Ta ratsa koguna na abinci ba ta taɓa ba, ta isa bukkar da cinya da kare ke zaune, cinya na gurnani kare na fassarawa, aka ba ta ƙwayar shinkafa ɗaya da ƙashi ta dafa tukunya ta cika, ta zaɓi ƙaramin ƙwai ta komo gida da dukiya. Ga mace talaka, ga wata duniya, ga dokoki baƙi. Babu abin da ya rage.

Da aka zo ɗab'i sai tafiyar ta sauya hannu. A gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, Abubakar Imam ya ari sunan ruwan ya ba namiji, Alhaji Imam, shi ne ya keta duniya har ƙasar aljanu. Gandoki na Muhammadu Bello Kagara, wanda ya fito daga gasar guda, jarumi ne da ya bar yaƙin Turawa ya shiga yaƙin aljanu tare da ɗansa. A 1969 Umaru Dembo ya ɗauki yaro, Kilba, ya kai shi sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya. Littattafan yaƙi na kasuwar Kano, irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini, sun ci gaba da wannan gado, kuma in mace ta riƙe takobi ko tsafi a irin waɗannan littattafai, galibi gimbiya ce ko sarauniya ko hatsabibiyar bokanya. Ko a tarihi haka ake yi: Daurama, Amina ta Zazzau, Sarauniyar Lugu da ta tari rundunar Faransawa a 1899. Dukkansu masu mulki ne. 'Yar mai ƙosai ba ta da gurbi.

Marubuta mata sun ɗauki alƙalami da ƙarfi tun daga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed a 1980, sannan Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa da ɗaruruwan da suka biyo baya. Sun yi aikin da babu mai raina shi, sun tona abin da ke faruwa a ɗakin aure. Amma fagen nasu bai cika wuce tsakar gida ba, kuma idan abin al'ajabi ya shigo labarin, ta ƙofar baya yake shigowa: kishiya ta je wurin boka, an binne laya, an mallake miji. A wannan adabi mace da ɓoyayyen ilimi ba sa haɗuwa sai don cutar da wata mace. Yarinyar da ta girma a kan irin wannan karatu, me za ta ɗauka game da tsohuwar unguwarsu da ta san saiwa da ganye? Kalmar mayya ba ta da nauyi a baki, amma ta raba mata da yawa da gidajensu.

Akwai masu cewa sihiri haramun ne, don haka bai kamata a ƙawata koyonsa a littafi ba. Maganar tana da tushe, kuma marubucin da ya yi mata riƙon sakainar kashi bai san masu karatunsa ba. Sai dai a duba yadda ake auna ta. An shafe shekaru ana karanta Gandoki da Magana Jari Ce a makarantu, da aljanunsu da akunsu mai magana, babu malamin da ya ce yara za su fita su nemi tsafi. Amma a 2007, da hukumar A Daidaita Sahu ta tara littattafai ta cinna musu wuta a Kano, waɗanda aka karɓe daga hannun 'yan mata 'yan makaranta ne. Ma'aunin yakan tsananta ne idan mai karatun ko jarumar mace ce. Kuma marubuciya mai basira ba ta bukatar surkulle ko yanka. Tana iya gina duniyar da ikonta ke cikin sanin taurari, ko harshen tsuntsaye, ko rini da saƙa, ilimi mai malami da darasi da jarrabawa, mai kuma farashin da za a biya in an yi ganganci. Tsarin makarantar ma ba sai an aro ba: Nana Asma'u ta kafa 'Yan Taru a ƙarni na 19, inda jaji ke jagorantar matan ƙauye su yi tafiyar kwanaki don ɗaukar karatu su komo su koyar.

A nan ne ya kamata sabon labari ya zarce tatsuniya, domin ita ma tana da nata rauni. 'Yar Bora ba ta koyi komai a gidan cinya ba. Ladabi ta yi, ta haɗiye mamakinta, aka sallame ta da kyauta, 'yar Mowa mai tsiwa kuma ta kwaso kutare da makafi. Darasin shi ne yi shiru a ba ka. Duk mataimaki na musamman da ya taɓa ganin maigidansa ya sauka daga kujera ya san iyakar wannan darasi: abin da aka ba ka don biyayya yana tafiya tare da mai bayarwa. Jarumar da ake bukata ita ce wadda za ta tambayi kare yadda aka yi ƙwayar shinkafa ta cika tukunya, ta gwada ta ƙone, ta sake gwadawa, ta komo gida da sanin a kanta.

Wasu 'yan Najeriya sun riga sun nuna kasuwar tana nan. Nnedi Okorafor ta fitar da Akata Witch a 2011, labarin Sunny, yarinya zabiya a garin Aba da ta shiga koyon ɓoyayyen ilimi, kuma kamfanin Cassava Republic na nan Abuja ya buga shi da sunan What Sunny Saw in the Flames. Tomi Adeyemi ta gina Children of Blood and Bone a kan al'adun Yarabawa a 2018, duniya ta saya. Duka da Turanci ne. Hausa kuwa tana da masu karatu mata da ke biyan kuɗi ta waya don a turo musu babi na gaba, abin da harsuna da yawa a Afirka ke nema ido rufe.

Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 domin mata zalla, ta fito da sunaye da dama, sai dai gajeren labari ba ya ɗaukar ginin duniya sukutum. Wannan aikin dogon littafi ne, yana bukatar edita mai haƙuri da mawallafin da zai jira shekara guda. Ƙungiyar Marubuta ta Najeriya tana da ƙauyen marubuta a Mpape, tafiyar da ba ta kai awa ba daga Kado. Ware ɗaki guda na wata uku ga marubuciyar Hausa da ke son mayar da 'Yar Bora kan hanya ba zai ci kuɗin taron bita ɗaya na wata ma'aikata ba.