IN KAMFANI YA KARYE, WA AKE FARA BIYA?

Jama'a, bashi hanji ne, yana cikin kowa. Amma ran da kamfani ya karye, ba kowane mai bin bashi ake kira da wuri ba.

Ga ɗan kasuwar Dawanau, ya kai wa wata masana'anta a Sharaɗa waken suya bashi, aka ce ya komo ƙarshen wata. Ya komo ya iske kwaɗo a ƙofa. Ya nufi Nasarawa, unguwar manya, gidan mai kamfani, ga motoci a jere, maigadi ya ce Alhaji ba ya nan. To, ko da yana nan, doka ta yi masa katanga. Kalmar nan "Limited" da ke jikin allon kamfani, ma'anarta kamfani dabam, mai shi dabam. Ba a taɓa gidan Alhaji sai in ya tsaya wa bashin da sa hannunsa, ko kuwa kotu ta tabbatar ya yi ta karɓar kayan mutane da zamba, ko alhali ya san kamfani ba zai tashi ba.

Dokar Kamfanoni da Shugaba Buhari ya sa wa hannu ran 7 ga Agusta 2020 ta jera masu karɓa. In an yi gwanjo, banki mai riƙe da jinginar fili da injuna shi ke fara ɗiba. Sa'an nan haraji da albashin ma'aikata. Ɗan kasuwa sai kankarar tukunya. Ma'aikatan ma, ku tambayi na masaƙar KTL ta Kaduna, wadda aka rufe a 1957... a'a, a 1957 aka buɗe ta, aka rufe a 2002, suka shekara da shekaru suna jiran hakkinsu, waɗansu har suka mutu ba su gani ba.

Duk da haka talaka yana da sanda. In kuɗinka ya haura adadin da aka ƙayyade, kai wa kamfani takardar neman biya. In mako uku ya cika ba su biya ba, doka ta ɗauke su sun gaza, kana iya roƙon Babbar Kotun Tarayya ta rufe kamfanin. Amma kada a yi garaje, gama mun faɗi wanda ke fara ɗiba. Sau da yawa ya fi riba a bar saniya da rai. Dokar 2020 ta yarda kamfani ya shirya da masu binsa a kan biya kaɗan kaɗan, ko kuwa a naɗa masani ya riƙe shi, a tsai da ƙararraki har a ga ko zai farfaɗo. A wurin taron shiri da nauyin kuɗi ake auna ƙuri'a, ba da yawan kawuna ba. Mutum ɗaya ba a jinsa. 'Yan kasuwa hamsin da lauya guda, tilas a saurare su.

Sashe 870 ke cikin dokar nan, duk da Turancin lauyoyi. Muna kira ga Gwamnati ta sa a fassara babin bashi da Hausa, a karanta a rediyo. A Ingila, inda aka kwaikwayo tsarin, tun 2003 ake ware wani kaso domin masu bin bashi marasa jingina. Muna so talakan Kano ya ga irin wannan a tafin hannunsa.

Kafin nan, kada wani ɗan'uwa a Dawanau, ko Kantin Kwari, ko Singa ya sake sauke kaya sai da rasit mai hatimi da kwanan wata. Wanda kuɗinsa ya riga ya maƙale, ya kawo takardunsa ofishin reshe, mu haɗa shi da 'yan'uwansa masu bin kamfani ɗaya.