Abin da ba a nuna a silima ba

Tsofaffin masoyan Star Wars a Amurka ba su manta shekarar 1977 ba. A lokacin fim ɗin bai fito a kaset ba. Mai marmarinsa a gida sai ya nemi littafin zane na kamfanin Marvel, rubutun Roy Thomas, zanen Howard Chaykin. Sai dai su biyun sun soma aiki tun kafin a gama tace fim ɗin. Shi ya sa littafin ya kawo bankwanan Luke da amininsa Biggs a Tatooine, alhali an yanke wurin. Har yau akwai masu rantsuwa a silima suka gan shi! Jabba kuwa da ƙafa biyu aka zana shi, sai a 1983 ya bayyana ƙato mai jan ciki.