Garin Neman Gira Kada A Rasa Ido: Magana A Kan Man Shafawa A Garwa

Akwai wata tambaya da ta zama ruwan dare a tsakanin matanmu na Garwa, daga Yelwa har Rumde Ajiya, a gidan biki ko a gidan suna: “Wane mai kike shafawa?” Da jin tambayar sai ka ɗauka maganar lafiyar fata ake yi, alhali abin da ake nufi shi ne, me ya sa kika yi fari haka, kuma a ina zan samu nawa. Ni dai na gaji da jin wannan tambaya, kuma na gaji da ganin abin da amsarta take haifarwa. Shi ya sa yau zan faɗi abin da ke raina, tunda ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Matsayina a fili yake. Mafi yawan abin da ake tallata wa mace a kasuwanninmu da sunan gyaran fata, ɓata fata yake yi. Kuma matar da take son tsarin kula da jikinta na yau da kullum wanda zai yi mata aiki, abubuwa uku kacal take buƙata, waɗanda duk kuɗinsu bai kai na kwalba ɗaya ta haɗin da ake yi mata a bayan shago ba.

Mu fara da garin da muke zaune. Garwa tana kwance ne a kwarin Binuwai, kuma duk wanda ya yi watan Maris da Afrilu a nan ya san zafi yana haura digiri 40. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuma hunturu ya sauko da ƙurarsa, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso, jiki ya yi furu-furu. A irin wannan ƙasa Allah ya ba mu fata mai ɗauke da sinadarin da likitoci ke kira melanin, wanda shi ne yake ba ta duhu, kuma shi ne yake tare mata kaifin rana. Wanda yake son ya san darajar wannan sinadari ya dubi ’yan uwanmu zabiya, waɗanda aka halitta ba tare da isasshensa ba, ya ga irin fama da suke yi da ƙunar rana da barazanar sankarar fata. Su ba su zaɓa ba. To ina hankali a ce mai garkuwa ta fitar da kuɗinta ta sayi abin da zai kwance mata garkuwar, sannan ta hau babur ta ratsa rana tsaka zuwa babbar kasuwa?

Abin da ke cikin waɗannan kwalabe ba sirri ba ne. Na farko shi ne haidurokwinon, wanda yake hana fata yin melanin. Magani ne na gaskiya, likitan fata yakan rubuta shi don wani tabo, a ɗan wuri, na ɗan lokaci. Amma idan aka mayar da shi man shafawa na safe da yamma shekara da shekaru, sai ya juya ya haifar da baƙin tabo mai shuɗi-shuɗi a kumatu da goshi, wanda yake da wuyar magani ƙwarai. Wato wadda ta gudu daga baƙi mai kyau, ta faɗa baƙi mai ciwo.

Na biyu su ne mayukan nan na ƙananan tub, masu kulobetasol ko betametason, da ake matsewa a cikin man shafawa. An yi su ne don cututtukan fata masu tsanani. Yawan shafa su yana sa fata ta yi siriri har jijiyoyi su fito kore shar, nankarwa mai faɗi ta tsaga cinya da damtse, ƙuraje su feso, makero da ƙyasbi su samu wurin zama. Rauni kaɗan ya ƙi warkewa, kuma ranar da aka zo yi wa mace tiyatar haihuwa, ɗinki ya ba masu aiki wahala. Ba su tsaya a fata ba, suna ratsawa cikin jini, suna iya jawo hawan jini da ciwon sukari.

Na uku, wanda ya fi su muni, shi ne zaiba. Tana lalata ƙoda, tana taɓa jijiyoyi da ƙwaƙwalwa, tana ratsawa zuwa ga ɗan da ke ciki da wanda ke shan nono. Tana mannewa a tawul da zanin gado, ta yadda miji da yara da ba su shafa komai ba su ma za su samu rabonsu. Saboda irin wannan haɗari ne ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniyar Minamata a 2013, wadda ta sa wa kayan kwalliya masu zaiba takunkumi.

Kada wani ya ce hukuma ba ta sani ba. A ranar 19 ga Agusta 2022, ministan lafiya na Kamaru, Manaouda Malachie, wanda shi ma ɗan arewa ne, ya haramta shigo da kayan kwalliya masu ɗauke da waɗannan sinadarai uku, da haɗa su, da rarraba su. Hakan ya biyo bayan wani rahoto na tashar France 24 da ya nuna ana sayar da abin sha da sunan yana hasken fata, a kamfanin ’yar majalisar dokoki Nourane Fotsing. Kafin mu, Kwaddibuwa ta yi irin wannan doka a 2015, Gana ta biyo baya, Ruwanda ma haka. A Najeriya, inda kaya da yawa suke shigo mana ta Yola da Mubi, hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a 2023. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa tun 2011 ta kawo ƙiyasin cewa kashi 77 cikin ɗari na matan Najeriya suna amfani da kayan hasken fata. Doka dai ga ta a takarda. Amma ki zaga kasuwar Garwa ko ta Marwa ko ta Ngaundare, ki gaya mini ko kwalaben sun ɓace. An dai sauke wasu daga kan kanta an mayar ƙarƙashin tebur, wasu kuma an sauya musu suna. Dokar da ba ta da mai bin sawunta a kasuwa da bakin iyaka, ado ce kawai ga ofishin Yawunde.

Na san amsoshin da za a ba ni, don na sha jin su.

Wata za ta ce: “Ni ba bilicin nake yi ba, ina dai fito da hasken fatata ne.” ’Yar uwa, dubi gaɓoɓin yatsunki da gwiwar hannunki da idon sawunki. Idan sun rabu da launin fuskarki, to sunan abin bilicin, ko a Duwala a ce masa njansan, ko a Kano a ce masa haɗi. Sauya wa kura suna ba ya hana ta cin akuya.

Wata kuma ta ce nata na gargajiya ne, daga karas da kurkum da lemon tsami aka yi shi. Fatar mutum tana ɗaukar kimanin wata guda kafin ta sabunta kanta. Duk man da ya sauya miki launi a kwana bakwai, ba karas ne ya yi wannan aiki ba, ko da an zana gonar karas a jikin kwalbar. Mai haɗin da ta zuba miki shi a robar da ba suna, ba jerin sinadarai, ba ranar lalacewa, ita kanta ba ta san adadin abin da ta zuba ba. Ranar da fuska ta ƙone, za ta ce jininki ne bai karɓa ba, ta sayar miki da wani haɗin na gyara.

Akwai mai cewa jikinta ne, kuɗinta ne. Na yarda jikinki ne. Amma jaririn da ke kwance a ƙirjinki yana shan abin da kika shafa, nasa jikin fa? Kuma abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yadda aka fara shafa wa yara ƙanana, wai don kada a ce ɗan bai yi kama da uwarsa ba. Uwa ta sauya launi, sannan ta hukunta ɗanta saboda ya fito da launinta na asali. Wannan zalunci ne, ba ni da wani suna da zan ba shi.

Sai dai ba zan ɗora wa mata laifin duka ba, domin ba su suka kafa kasuwar su kaɗai ba. Malam, kai da kake zama a majalisa kana zagin masu bilicin, da aka ce ka faɗi irin matar da kake so, me ka fara ambata? Fara. Uwar miji da ta je ganin amarya ta dawo tana cewa “ba laifi, sai dai baƙa ce”, ita ma ta sa hannu. Masu shirya finafinai da waƙoƙin da ba sa ɗaukar jaruma sai mai haske, da masu gyaran amare da suka mayar da dilka da halawa wata hanya ta cusa sinadari a jikin yarinya mako biyu kafin ɗaurin aure, duk suna ciki. Dilka ta asali gyaran jiki ce, tana sa laushi da ƙamshi, ba ta mayar da wankan tarwaɗa Balarabiya. Haka kuma manyan masu suna sun taimaka wajen ɗaure wa abin gindi. Mawaƙiya Dencia, ’yar asalin Kamaru, ta fito da man Whitenicious a 2014, kuma a 2018 aka kawo tauraruwar Amurka Blac Chyna har Legas don tallata wani samfurinsa a kan dala 250 kwalba ɗaya. Yarinyar da ke Fulɓere ba ta da dala 250, don haka za ta sayi na sefa dubu ɗaya, wanda ba wanda ya san abin da ke cikinsa. Malamanmu sun yi wa’azi a kan sauya halitta, kuma sun kyauta, amma wa’azin ya kamata ya isa kunnen mai neman auren kamar yadda yake isa kunnen wadda ake nema.

To me za a shafa? Ga abubuwa ukun da na ambata.

Na farko, wanki mai sauƙi. Sabulu marar kaifi, sau biyu a rana ya isa fuska. Sabulun salo yana da kyau ga mai maiƙon fuska, amma yana busar da fata, don haka mai busasshiyar fata ta rage shi da hunturu. A bar dirzar fuska da soso mai kaushi kamar ana wanke tukunya, kuma a bar sabulan nan masu ƙarfi da ake cewa suna kashe ƙwayoyin cuta, sai in ma’aikacin lafiya ne ya ce a yi amfani da su.

Na biyu, mai da zai riƙe danshi. A nan arewacin Kamaru itacen kaɗanya yake tsirowa, kuma man kaɗen da kakanninmu suka shafa shi ne kamfanonin Faransa suke saye su zuba a kwalba mai kyau su dawo mana da shi da tsada. A shafa shi bayan wanka tun jiki da ɗan laima, a nan ne yake aiki. Basilin tsantsa yana maganin faso da tsagewar leɓe. Gilisarin da aka sirka da ruwa yana taimakawa da hunturu. Mai yawan ƙurajen fuska ta bar man kaɗe a jiki, ta nemi mai marar nauyi don fuska, musamman da bazara lokacin da gumi yake yawa.

Na uku, kariya daga rana. Mayafi da lema da neman inuwa tsakanin hantsi da la’asar su ne na farko, kuma kyauta ne. Wadda take da hali ta nemi man kare rana mai lamba 30 ko fiye a kantin magani, ta shafa da safe. Yawancin tabon da ke sa mata su fara neman man haske, rana ce take ƙara musu duhu, don haka wadda ta kare fuskarta ta riga ta yi rabin maganin tabonta.

Wajen saye kuma, ƙa’idar gajeriya ce. Ki juya kwalba ki karanta, ko ki ba ɗanki ɗan makaranta ya karanta miki. In kin ga hydroquinone, ko clobétasol, ko bétaméthasone, ko mercure, ki ajiye. In babu jerin sinadarai gaba ɗaya, ki ajiye da sauri, domin masu zuba zaiba ba kasafai suke rubutawa ba. In an yi miki alkawarin fari cikin kwanaki, ki riƙe kuɗinki. Sabon mai kuma a gwada shi a ɗan wuri a hannu kwana biyu kafin a kai shi fuska, kuma kada a fara sababbi uku a lokaci guda, don in ɗaya ya yi ɓarna a san wanne ne.

Wadda ta riga ta daɗe tana shafa masu tub ɗin nan, kada kunya ta hana ta zuwa asibiti. Yanke su rana ɗaya yakan sa fuska ta yi ja, ta yi zafi, ta feso da ƙuraje, kuma wannan ne yake mayar da mata da yawa ga kwalbar. Likita ya san yadda ake janye su sannu a hankali. Launinki zai dawo, wataƙila ma ya ɗan fi na da duhu na wani lokaci, kuma masu tsegumi za su yi. Su yi ta yi. Wata shida na surutun mutane ya fi sauƙi a kan zaman layin wankin ƙoda.

Ina kira ga jami’an lafiya na jihar Arewa da jami’an kwastan da ke bakin iyaka da su mayar da dokar 2022 abin da ɗan kasuwa zai ji a jikinsa. Ina kira ga masu kantin magani da su daina miƙa tub ɗin kulobetasol ga duk wanda ya miƙo kuɗi ba takardar likita. Iyaye mata kuma, yarinyarku ta fara jin cewa ita kyakkyawa ce daga bakinku, tun kafin mai shago ya gaya mata cewa da saura. Ku kuma maza, in da gaske kuke ƙyamar bilicin, to a gani a wajen zaɓen aure.

Allah ya ba mu lafiya, ya sa mu gode wa abin da ya ba mu.