KAREN DA KE GADIN DUKIYARKA MA AMANA NE

Jama'a, na san wasu za su ce na rasa abin rubutawa. Ku ce, amma ku karanta tukuna.

Daga Gagarawa Tasha zuwa Gumel har Sule Tankarkar, mafarauci da makiyayi da mai gona, kowa da karensa. Ranar Alhamis mutum zai je kasuwar Maigatari ya sayo wa sa da rago maganin tsutsa, amma karen da ya kwana yana gadinsu, ko sisi. In ya fara tari, ya rame, ya kasa gudu, sai a ce "ai tsufa ne."

Cikin abin da ke kawo hakan akwai tsutsar zuciya. Sauro ne ke ɗauko ta daga jinin wani kare ya sa wa wani, kuma kun san yadda sauro yake da damina. Cikin wata 6 zuwa 7 ta girma, tsawonta kan kai santimita 30, ta tare a zuciya da jijiyoyin huhu, tana iya shekara 5 a ciki. Kafin ka gane, ta gama ɓarna.

Rigakafinta ƙwaya ce sau ɗaya a wata, mai sinadarin ivermectin. Amma don Allah kada a zuƙi allurar shanu a ɗirka masa da ka! Awon ba ɗaya ba ne, kuma karen da ya riga ya kamu, magani barkatai na iya halaka shi. Likitan dabbobi ya fara duba jininsa.

Masu cewa "kare najasa ne, wa zai kashe masa kuɗi?", ku tambayi malaminku. A mazhabar Malikiyya da muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne. Shari'a ta halatta ajiye shi don farauta da kiwo da gadin shuka. A Bukhari akwai mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare. Ka ci moriyarsa ka bar shi da ciwo, me za ka ce gobe kiyama?

Sassan noma na ƙananan hukumominmu kuma, in an fito rigakafin shanu a haɗa da karnuka, har da allurar haukan kare, wadda ke kare 'ya'yanmu.

In ba za ka iya kula da shi ba, kada ka ajiye shi. Allah Ya sa mu gane.