Birkin Bakin Bindiga: Kafaɗa Ta Huta, Kunnen Wa Zai Biya?

Duk wanda ya taɓa kallon maharbi ya danna kunamar babbar bindiga ya ga yadda kafaɗarsa ke jijjiga, bakin bindigar kuma ya ɗaga sama. Wannan shurin da bindiga ke yi wa mai ita yana da bayani tun 1687, lokacin da Isaac Newton ya wallafa ƙa'idojinsa na motsi: abin da ya tura harsashi gaba, shi ne ke tura bindigar baya. Sai dai harsashi ba shi kaɗai ke fita ba. Iskar da albarushi ya haifar tana biyo shi da gudun da ya zarce nasa, kuma tana da kaso mai tsoka a cikin shurin, musamman a harsasai masu cin albarushi da yawa.

A kan wannan iskar ce birkin bakin bindiga ke aiki. Ɗan guntun ƙarfe ne mai ramuka da ake ɗaurawa a ƙarshen bututu. Idan harsashi ya wuce, iskar da ke bayansa sai ta bugi katangun da ke cikin ƙarfen, ta fantsama gefe ko ta ɗan karkato baya. Bugun da ta yi wa katangun yana jan bindigar gaba daidai lokacin da take ƙoƙarin komowa. A manyan bindigogi, birki mai kyau na iya rage shurin da kusan rabi. Dabarar tsohuwa ce a wurin soja: igwar tankar Tiger ta Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu tana da shi, haka ma AK-74 ta Tarayyar Sobiyet, da Barrett M82 ta Amurka, wadda da wuya a iya jure harba ta daga kafaɗa in babu shi.

A Amurka, inda harbin nesa ya zama wasan gasa, birki ya cika shagunan bindiga, kuma gardamar masu saye ba ta wuce wanne ya fi rage shuri ba. A ganina an fara da tambayar da ya kamata ta zo daga ƙarshe.

Iskar da aka juyar ba ɓacewa take yi ba. Da can tana tafiya gaba, inda ba kowa. Yanzu tana dawowa wajen maharbin da waɗanda ke gefensa. Ƙarar bindigar farauta ko babu birki ta haura desibel 150, alhali masana lafiyar ji sun sa iyakar ƙarar farat ɗaya a 140. Birki yana ƙara abin da ke isa kunne, kuma ƙwayoyin ji na cikin kunne idan suka mutu ba sa sake tsirowa. Kafaɗar da ta yi tsami za ta warware cikin kwana biyu, amma ƙugin da ya zauna a kunne yakan raka mutum har tsufa.

Abin ya fi muni idan aka duba wanda ke tsaye a gefe. A farautar da baƙi ke zuwa yi a Namibiya, Zimbabuwe, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, baƙon ba ya shiga daji shi kaɗai. Akwai ƙwararren jagora a kafaɗarsa, akwai masu bin sawu, waɗanda sana'arsu ta dogara da jin motsin reshe ko numfashin ɓauna a cikin duhuwa. Ba za su iya toshe kunne suna bin dabba mai haɗari ba. Baƙon zai yi harbinsa na mako guda ya hau jirgi, su kuwa za su tsaya gefen wata bindigar a mako mai zuwa. Shi ya sa jagorori da yawa ke roƙon a kwance birkin kafin a fita, kuma ina ganin suna da gaskiya.

Ba na musun amfaninsa. Mai tsoron shuri yakan zabura kafin harsashi ya fita, ya kauce wa saiti, ya raunata dabba maimakon ya kashe ta nan take. Mai gasar nesa kuma yana bukatar bindigar ta tsaya cak don ya ga inda harsashinsa ya sauka ta madubin hange, ya gyara na gaba. Ga wannan mutumin, a filin da kowa ya sa abin toshe kunne ya kuma ɗora na rufewa a kai, birki kayan aiki ne na hankali. Abin da zai lura da shi kaɗan ne: ramin ya dace da kaurin harsashi, tiredin ya dace da bututu (a Amurka galibi 1/2x28 ga .223, da 5/8x24 ga dangin .30), a kuma sake saiti bayan ɗaurawa, domin nauyin da aka ƙara a baki kan sauya inda harsashi ke faɗawa. Wanda ke harbi a kwance ya guji mai ramuka ta kowane ɓangare, don na ƙasan za su watsa masa ƙura a ido. Mai ramukan gefe ya fi masa.

Mafarauci kuwa yana da hanyoyin da ba sa cutar da kowa. Bindiga mai nauyi ba ta shuri kamar marar nauyi. Robar da ake sa wa gindinta tana sassauta bugu. Inda doka ta yarda, kamar Birtaniya, Norwe, Finlan da Niyuzilan, salansa tana rage shuri da ƙara a lokaci guda, ko da yake ba ta kai birki rage shurin ba. Sannan akwai maganar da masu shago ba sa son a yi: da yawa sun sayi bindigar da ta fi ƙarfin bukatarsu. Harsashin .375 H&H, wanda ya fito a 1912, an yi shi ne don manyan namun daji, kuma shurinsa ya kusa ninka na .30-06. Wanda barewa kawai yake nema, .243 ko .308 za ta ishe shi, ba tare da ya ɗaura komai a bakin bututu ba.