Ta Ce Olsa Ce, Ashe Zuciya Ce

Wannan makon zan taɓo zancen da muka saba yi cikin raɗa, wato ɗaukewar al'ada, saboda abin da ya sami wata aminiyata a nan McLeansville, gabas da Greensboro.

Shekarunta 53, tun bara al'ada ta ɗauke mata. Muna gidan suna ranar wata Asabar na gan ta zaune tana haki, ta dafe muƙamuƙi. Na ce, "Hajiya, lafiya?" Ta ce, "Olsa ce ta motsa, ga gajiyar aiki. Girma ya zo, sai haƙuri." Da dare zufa ta karyo mata, amai ya taso, 'yarta ta kira 911. A asibiti aka gano wata jijiyar zuciyarta ce ta toshe. Allah ya sa tana da sauran shan ruwa.

Ni ma da ta ce olsa, yarda na yi. Mun ɗauka ciwon zuciya na maza ne, kuma sai mutum ya dafe ƙirji ya faɗi. Alhali a Amurka shi ne kan gaba wajen kashe mata, kusan mace 1 cikin kowace 5 da ke rasuwa. Jiharmu ta Arewacin Karolina kuwa tana cikin jihohin kudu maso gabas da suka yi ƙaurin suna wajen shanyewar ɓarin jiki.

Yawanci al'ada kan ɗauke wajen shekara 51. A lokacin ne sinadarin estirojin, wanda ke taimaka wa jijiyoyin jini su zauna da laushi, yake raguwa. Sai mugun kitse ya ƙaru a jini, teɓa ta taru a ciki, hawan jini ya samu ƙofa. A 2020 Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Amurka ta fitar da bayani cewa waɗannan shekaru ne ya kamata a fara rigakafi. Wadda al'adarta ta ɗauke kafin shekara 45, ko ta taɓa yin hawan jini ko ciwon suga lokacin goyon ciki, hatsarinta ya fi yawa. Ki faɗa wa likita, ko da ɗan da kika haifa a lokacin ya isa aure.

Ki san awonki. Idan jininki yana kaiwa 130/80 ko sama, ya hau, ko da kanki ba ya ciwo. A duba miki suga da kitsen jini. Gishirin yini guda kada ya wuce ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin magi da yajin tsire da abincin gwangwani. Ni na rage magin miyar kuka na ƙara daddawa, maigida bai ma lura ba. Tafiya da sauri ta minti 150 a mako ake so, wato minti 30 sau biyar. A gida kafa ke kai mu kasuwa, a nan ko burodi za mu saya sai mun hau mota. Maganin estirojin yana rage zafin jiki da zufar dare, amma ba a ba da shi don kare zuciya, sai ki yi shawara da likita.

In kika ji nauyi a ƙirji, ko numfashi na yankewa, ko ciwo a muƙamuƙi, baya ko hannu, ko gajiyar da ba ki saba ji ba, kira 911. Kada ki tuƙa kanki, kada ki jira maigida ya taso daga aiki, kada tunanin kuɗin asibiti ya tsayar da ke.

Hajiya ta warware. Yanzu bayan la'asar tare muke zagaya unguwa, kuma ita ce ke min faɗa in na makara. Allah ya ƙara mana lafiya, sai mako mai zuwa.